Ranar da Aka Zuƙo Man Motar Sufeto Saboda Ni

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da sufeton ilimi ya sa aka zuƙo fetur daga tankin motarsa don a gane ko ni maƙaryaci ne ba, kuma ko zan ƙara shekara ɗari biyu a duniya ba na jin zan manta. Ku 'yan baya da kuka same ni da furfura da tumbi kuna ce mini Baba Ummaru, kuna zaton da natsuwa aka haife ni, to ku gyara zama.

A farkon shekarun dubu biyu ina aiki a wata sakandaren maza ta kwana da ke tsakanin Gummi da Bukkuyum. Muƙamina atenda na ɗakin gwaje-gwaje, wato lab, mataki na huɗu. Ga wanda bai san aikin ba, atenda shi ne mai wanke kwalabe, mai jera kayan gwaji kafin malami ya shigo, mai kwashe su in ya fita, kuma shi ake nema in wani abu ya fashe ko da ranar yana gida yana jinya. A samana akwai malamin kimiyya, sai shugaban sashe, sai mataimaki, sai shugaban makaranta, sai sufetocin ofishin shiyya da ke Anka. A ƙasana kuwa babu kowa sai ƙadangarun bayan lab, su ma ba kullum suke gaishe ni ba.

Amma ina da abu ɗaya da ya fi muƙami. Makullin akwatin da ake ajiye talabijin da bidiyo da ɗan janareta a aljihuna yake. Kowace Asabar da hantsi ɗaliban ƙungiyar kimiyya sukan taru a lab, a rufe tagogi da buhunan taki, a sa musu finafinan da Turawa ke ƙagawa kan tafiya sararin samaniya da mutanen ƙarfe da duniyoyin da babu su. Mu finafinan sama muke ce musu. Kaset-kaset ɗin duk kwafi ne, takardun jikinsu sun ɓare, don haka yara ne ke raɗa musu suna. Ni ke tsayawa gefen akwati da sanda ina fassara. Turancina na lab ne, bai wuce sunayen kwalabe da amsa kira ba, amma Allah Ya ba ni ido. In na ga Bature ya ɗaure fuska na san abin da ya ce, har na ƙara masa da wanda ya manta bai faɗa ba.

Matsalarmu ɗaya ce. Lokacin ana wahalar mai, kuma mai sito kwalba guda yake auno mana, ko kuka za ka yi masa. Kwalbar nan awa ɗaya da minti goma take kai janareta. Fim kuwa awa ɗaya da rabi ne, wani biyu. Ranar farko da wuta ta ɗauke ana tsakiyar tashin hankali, yara sittin suka miƙe kamar za su cinye ni da ɗanye. Sai na ɗaga sanda na ce su kwantar da hankali, ai na ga wannan fim a Sakkwato. Na ba su ƙarshensa daga kaina. Suka tafa har da fito. Daga ranar, shekara biyu cur, babu fim ɗin da muka gani har ƙarshe, babu kuma wanda ban ƙarasa ba. In an ƙirga yawan zuwan da na ce na yi Sakkwato, da tuni an ba ni unguwa a can.

A shekara ta biyu aka turo mana ɗan bautar ƙasa daga kudu, Malam Tunde, yara na ce masa Malam Kofa. Siriri ne, mai gilashi, ya san kimiyyar sinadarai kamar shi ya haɗa duniya. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode da ina gajiya ba. Ya ɗauki kallon Asabar da muhimmanci. Kafin a kunna sai ya yi wa yara bayanin abin da za su lura da shi, iska ko zafi ko nauyi. In janareta ya mutu na fara zuba, sai ya zauna yana murmushi yana gyaɗa kai. Duk finafinan ya gan su a jami'a, kuma ya ɗauka abin da ya gani nake faɗa.

Wata rana ya dawo daga hutu da wata mujallar Turawa, a ciki masu sharhin finafinai sun jera guda ashirin da suka ce sun fi kowane fim na sama kyau. Muna da bakwai daga ciki. Ya kafa shafin a ƙofar lab da ƙusa, ya rubuta sunayenmu na gida a gefen nasu. Nan rigima ta tashi.

Na ɗaya a jerinsu shi ne wanda muke kira Zaman Makoki. Mutum uku ne cikin jirgi, suna zaune suna kallon taga. Wallahi akwai wurin da na je na yi alwala na dawo na tarar wanda ya ɗaga kofi bai kai shi baki ba. Shi kuwa gwanin namu, Mai Kan Bokiti, wani mutumin ƙarfe da aka kai wata jar duniya ya haƙa wa mutane rijiya, na sha tara suka sa shi. Na sha tara! Na ce wa Malam Tunde ta bakin wani ɗalibi, waɗannan masu sharhi ko dai barci suke nema ko ba su taɓa jin ƙishirwa ba. Ya yi dariya ya ce su ba hayaniya suke aunawa ba, suna duba zurfin tunani da yadda aka ɗauki hoto da ko fim ya bar mutum da tambaya. Na ce tambayar da Zaman Makoki ya bar ni da ita ita ce yaushe za a tashi. Makonni muna wannan, a lab, a ɗakin malamai, har wurin mai shayi. Malamin lissafi ya bi Malam Tunde, malamin noma ya bi ni, mai sito ya ce shi duk wanda ya fi gajarta shi ne na ɗaya.

Ana cikin haka takarda ta zo daga shiyya. Kun san a shekarun ne aka rufe gidajen kallo a jiharmu. Takardar ta ce duk makarantar da ke da bidiyo za a zo a duba, in karatu ake da shi a bar shi, in nishaɗi ne kawai a kwashe a kai sito a Anka. Shugaban makaranta, Alhaji Bello, ya kira ni ofis.

Ya ce, "Ummaru, sufeto na zuwa Asabar. In anka ɗauke akwatin ga, ba ka da sauran aiki ranar Asabar, kuma kicin na neman mai auna gari. Ka ji ni?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, na ji har cikin ƙashina."

Alhaji Bello ne ya kawo dabarar a yi muhawara a gaban sufeto kan jerin masu sharhin, don a nuna yara na tunani. Ka'idar muhawarar makaranta kuwa da Turanci ake yi, kowane ɓangare mutum uku, minti biyar-biyar, da mai buga ƙararrawa. Malam Tunde ya horar da masu goyon bayan jerin. Masu adawa kuwa jagoransu Murtala ne, ɗan ƙauyen Duza, ɗan ajin ƙarshe, dogo mai 'yar ƙasumba, wanda in ya kafe kan magana sai dai a kira sallah a raba. Ya ƙi nuna wa kowa hujjojinsa don kada a kai wa abokan hamayya. Ni kuwa daɗi nake ji, ban ga ramin da ke gabana ba.

Sufeton ya iso da ƙarfe tara cikin wata tsohuwar farar mota. Malam Sani sunansa, mutumin Anka, gidansu gidan malamai ne tun kakanni, shi ya haɗa allo da boko. Ba ya yawan magana, kuma yana da wani kallo ta saman gilashi da ke sa mutum ya tuna laifin da ya yi tun yana aji ɗaya. Aka ajiye masa kujera a gaba, ya buɗe fayil.

Masu goyon baya suka yi nasu, aka tafa. Murtala ya miƙe. Ina daga baya kusa da ƙofa ina gyaɗa kai kamar ina fahimta. Daga baya aka fassara mini abin da ya ce. Ya ce Mai Kan Bokiti ya cancanci na ɗaya domin ya koyar da juriya, ya haƙa ƙasa shekara bakwai har ya cim ma ruwa, ruwan ya sa ya fara tsatsa amma bai fito ba sai da kowa ya sha ya shayar da dabbobinsa, daga ƙarshe mutanen garin suka naɗa shi Sarkin Ruwa. Da ya zo nan sai na ga yana zagaya hannu a kansa yana kwatanta naɗin rawani. Nan na hango ramin da ke gabana.

Malam Tunde ya cire gilashi, ya goge, ya mayar. Ya miƙe tsaye, ya manta da ka'ida, ya haɗa duk Hausar da ya mallaka ya ce, "Rawani? Babu rawani! Wane rawani?"

Murtala ya ce, "Malam, da rawani mana. Har da zagi biyu da mai busa."

Yara suka amsa gaba ɗaya cewa haka ne. Wani ya ƙara da cewa shi ma Zaman Makoki ai barci ya kwashe mutanen uku jirginsu ya faɗa cikin rana, shi ya sa bai cancanci komai ba. Malam Tunde ya dafe kai.

Sufeto ya rufe fayil. Ya ce a bar Turanci. Ya dubi Murtala ya ce, "Ɗana, da idonka kag ga rawanin ga?"

"A'a, Malam. Mai ya ƙare. Baba Ummaru yab ba mu sauran. Shi ya gani Sakkwato."

Kai sittin suka juyo. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na dubi Alhaji Bello na ga idonsa na auna ni da mudun gari.

Sufeto ya ce, "Malam Ummaru, matso. Fim nawa kag gani Sakkwato?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, Sakkwato dai na taɓa zuwa. Sau ɗaya. Rakiyar Inna asibitin ido."

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya tambayi mai sito ko akwai mai, ya ce kwalbar mako ta ƙare tun gwajin jiya. Sai sufeto ya kira direbansa ya ce ya ɗauko tiyo ya zuƙo kwalba biyu daga mota. Direban ya ce, ranka shi daɗe, da ƙyar fa za mu kai Anka. Sufeto ya ce in ba su kai ba sai su tura, shi ba zai rubuta rahoto kan abin da bai gani ba.

Ni na ja janareta da hannuna, kamar wanda aka ba igiya ya ɗaure kansa. Na sa kaset, na tura shi gaba zuwa daidai inda muke tsayawa. Ga Mai Kan Bokiti cikin rami yana haƙa. Ina addu'a a zuciya ko da ɗan ƙyalle ne wani ya ɗora masa a ka. Ina! Ƙasa ta tsage, wani ƙadangare mai girman masallacin Juma'a ya fito, aka hau harbe-harbe. Mai Kan Bokiti ya rungume shi, suka fashe tare, wuta ta tashi har sama tana ci bal-bal, mutanen suka hau jirgi suka gudu. Ko ɗigon ruwa ba a samu ba. Rubutu ya fara hawa.

Can wani daga baya ya ce, "Wanga ƙarshe ƙarya ne, na Baba ya fi!" Aka ɗauki hayaniya. Sufeto ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ban tambaye ku wanda ya fi daɗi ba. Nan ɗakin kimiyya ne. Murtala, ga ƙarshe biyu, na Turawa da na Malam Ummaru. Wane ne zai iya faruwa?"

Murtala ya ɗaga kai ya kalli rufi. Na san dai yaron nan nawa ne, shekara biyu yana cin labarina, ba zai ba ni kunya ba. Ya buɗe baki ya ce, "Malam, duk biyun ba su yiwuwa."

"Mi ya sa?"

Murtala ya ce tun farkon fim an nuna babu iskar shaƙa a duniyar, shi ya sa mutanen ke yawo da tulun gilashi a ka. Inda babu iskar nan wuta ba ta ci, Malam Kofa ya kife kofi kan kyandir a gabansu ta mutu. Don haka gobarar Turawa ƙarya ce. Na fara murmushi. Sai ya juyo ya ce, "Tsatsar Baba ma ba ta yiwuwa. Ƙarfe ba ya tsatsa da ruwa kaɗai, sai da iska. Ga shi can."

Ya nuna kanta. A kan kantar akwai kwalaben gwaji uku da ƙusa a cikin kowace, ɗaya a bushe, ɗaya cikin ruwa, ɗaya cikin tafasasshen ruwa da aka rufe samansa da mai don kada iska ta shiga. Ta ukun tana nan fes tana ƙyalli. Jama'a, ni na tafasa ruwan nan. Ni na zuba man. Shekara goma sha ɗaya ina jera wannan gwaji duk zango, ban taɓa tambayar kaina abin da yake nufi ba.

Sufeto ya tashi ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta wajen haske. Kafaɗunsa suka fara rawa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin ta mutumin da ya shekara bai yi ba, har ya zauna yana share ido da gefen rawaninsa. Ya ce, "To rawanin fa, Murtala?" Murtala ya ce, "Shi rawani yana yiwuwa, Malam, in an tafi da shi daga gida."

Bayan an sallami yara aka kira ni ofis, ga shugaba, ga Malam Tunde. Sufeto ya daina dariya. Ya ce, "Malam Ummaru, ba labarin da ka ƙaga ne laifinka ba. Laifinka cewa da ka yi ka gani. A gidanmu, in an tambayi mahaifina abin da bai sani ba, gaban almajiransa yake cewa ban sani ba, kuma ba a taɓa rage masa girma ba. Yaran ga sun yarda da kai, shi ya sa ɗayansu ya tsaya gaban baƙo ya kare abin da babu shi." Maganar ta fi mari zafi. Na ce na tuba, kuma da gaske nake.

Alhaji Bello ya buɗe baki, na san kicin zai ambata. Sai Malam Tunde ya riga shi. Ya yi magana da Turanci, sufeto da kansa ya fassara mini. Ya ce kafin ya zo an gaya masa yaran karkara ba sa son kimiyya, sai ya tarar da sittin suna fasa wankin Asabar don ita, kuma ba shi ya tara su ba. Ya ce masu sharhin mujalla ba a taɓa ɗauke musu wuta fim na tsaka ba, da an yi da ya so ya ga abin da za su ce wa yara sittin. Mutumin da na yi wata biyu ina yi wa tsiya a wurin mai shayi ke nan.

Rahoton da sufeto ya rubuta shafi ɗaya ne. Akwati ya zauna, makulli ya zauna a aljihuna. A riƙa ba da kwalba biyu. Amma da sharaɗi: a awa ɗaya da minti goma a tsayar da kaset, Ummaru ya tashi ya ce wannan daga kaina ne, ya ba da nasa ƙarshen, sannan a ga na ainihi, yara su fito da kuskuren kimiyyar kowanne a rubuce. Na ji labari motarsa ta mutu kafin Anka, shi da direba suka tura ta. Direban bai sake amsa gaisuwata ba har ya yi ritaya.

Asabar ta gaba muka ga ƙarshen Zaman Makoki. Ashe zaman da suke yi lissafi ne, iskar jirgin ba za ta kai mutum uku gida ba, sai biyu. Dattijon cikinsu ya gama shan abin da ke kofin nan nasa, ya wanke shi, ya kife, ya buɗe ƙofa ya fita ba tare da ya ce uffan ba. Ranar ban yi fassara ba, babu abin fassarawa. Na ce wa yara hayaƙin janareta ne ya shiga mini ido. Murtala ya ce janareta na waje, Baba. Da yara suka rubuta nasu jerin suka kafa kusa da na mujalla, Zaman Makoki suka sa na ɗaya. Ni na ƙi sa hannu. Na yarda ya tashi daga na ƙarshe ya koma na biyu, iyakar adalcina ke nan.

Malam Tunde ya gama hidimarsa ya tafi, ya bar mini mujallar. Murtala yanzu yana ɗakin gwajin jini a asibiti, kuma lokacin da gubar dalma ta addabi ƙauyukansu yana cikin waɗanda suka yi ta ɗibar jinin yara ana aunawa. In mun haɗu har gobe sai ya ce, Baba, ya tsatsa? Malam Sani kuwa ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa. Da ya ga dama, layi ɗaya ya ishe shi ya tura ni awon gari, amma ya zaɓi ya tura mota.

Abin da nake so ku 'yan baya ku ɗauka shi ne, kwalbar da kuke wankewa ku tambayi abin da aka yi da ita, kada ku shekara goma sha ɗaya kamar ni. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, yaran da ke gabanku sun fi ku riƙe magana. In kuma Allah Ya ɗaga ku kuka zama masu rubuta rahoto kan na ƙasa, ku duba da idonku tukuna, ko da man motarku ne zai tafi. Na gode wa Allah da Ya haɗa ni da irin waɗannan mutane a wannan aiki. Amma maganar jeri tana nan inda take. Duk wanda ya zo gidana a Bukkuyum zai ga shafin mujallar a bango, na sha tara an zagaye shi da jan biro, kuma na zana masa rawaninsa da hannuna. A ƙasa na rubuta: wannan daga kaina ne.